Hannun Auta da Kan 'Yarta

A kamfanin ɗinkin da ke bayan tashar motoci, riga ba ta shiga kwali sai ta bi ta teburin ƙarshe. Tebur ne dogo da aka shimfiɗa wa farar leda, fitilu na ci a kansa ko da rana tsaka. Matan da ke zama a gefensa aikinsu tsintar zare. Duk guntun zaren da keke ya bari a wuyan riga, ko a hammata, ko a gindin maɓalli, su za su nemo shi su cire. Sabuwar ma'aikaciya da ido take nema, shi ya sa kafin a tashi idanunta sun yi ja, rigunanta kuma ana dawo mata da su. Tsofaffin hannu ko kallo ba sa yi. Yatsu suke bi da su a kan ɗinkin suna hirarsu, da zarar wani abu ya ɗago kai yatsa zai ji shi, farcen babban yatsa ya danne shi a kan manuniya, a finciko. Saboda haka kowaccensu takan bar wannan farce ɗaya ya yi tsawo, tana lallaɓa shi yadda tela ke lallaɓa almakashinsa.

A wannan tebur babu wadda ta kama ƙafar Auta. Ita ce auta a gidansu, sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, ya zo ya zauna da ita a kamfani. Shugabar teburin takan ce da za a ɗaure wa Auta ido a miƙa mata riga, sai ta faɗi wace tela ce ta ɗinka, ta kuma faɗi ko telar ta yi faɗa da mijinta da safe. Ana dariya, ita ma ta murmusa. Abin da ba a sani ba a teburin shi ne, in an tashi aiki hannun Auta ba ya tashi. Yana bin ta cikin bas, ya bi ta har gida yana laluben abin da ya ɗago kai, kuma a jikin mutum ba a rasa irin wannan. Shi ya sa ɗankwalinta kullum a ɗaure yake har goshi, girarta da jagira aka zana ta, hannun rigarta kuma dogo ne ko da gari ya yi zafin da kare ke neman gindin randa.

Ba kamfanin ne ya koya mata ba, ko da yake daga baya shi aka ɗora wa laifin. Tana 'yar makaranta abin ya fara, shekarar da mahaifinsu ya kwanta jinya, aka riƙa barin ta a benci a ƙofar ɗakin marasa lafiya tana gadin kwanuka. Zaman jira ne da ba shi da ƙarshe. Wata rana yatsanta ya ci karo da wani silin gashi a tsakiyar kanta, mai kauri da kaushi, ba irin sauran ba. Ta tsige shi. Ta ji ɗan zafi, a bayan zafin kuma wani sanyi ya sauka mata a ƙirji. Sai ta nemi wani irinsa. Ranar da mahaifin ya rasu, akwai fili a kanta da ya kai faɗin gindin kofi.

Mahaifiyarsu mace ce mai zafin hannu, ga rashin miji ga yara. Ta buge hannun, ta shafa masa barkono, ta naɗe shi da tsumma, har aske kan ta sa aka yi. Da gashi ya ƙare sai hannun ya sauko kan gira, daga gira ya koma kan ƙurajen fuska da na damtse, yana ɓamɓare ɓawon duk ciwon da ya fara warkewa. Da uwar ta gaji sai ta yanke hukuncin da gidan ya rayu a kansa.

"A rufe," in ji ta. "Abin da ido bai gani ba, baki ba ya ɗauka."

Yaya, babbar 'yar gidan, ita ta koya wa Auta ɗaurin ɗankwalin da ba ya zamewa. Mutanen kirki ne, suna ƙaunar juna, amma a gidan nan in tukunya ta tsage ba a liƙe ta, juya tsagar ake yi ta kalli bango.

Mijin da Auta ta aura mai gyaran firij ne, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba. Yaya ta yi ta fargabar ranar da zai ga kan. Da ranar ta zo sai ya duba, ya ce, "Yana miki zafi?" Ta ce a'a. Ya ce, "To," ya ci gaba da cin abincinsa. Auta ta yi kukan daɗi a ranar. Sai bayan shekaru ta gane cewa wannan "to" ɗin ma murfi ne, sai dai mai laushi. Maigida bai taɓa goranta mata ba, bai kuma taɓa sake tambaya ba.

'Ya ɗaya Allah ya ba su. Ta zo duniya da suma cike da kai, baƙa wuluk, har ma'aikatan ɗakin haihuwa na kiran juna a zo a gani. Uban ya laƙaba mata 'Yar Baba, sunan ya zauna. Auta takan ɗauke ta ta cusa hanci cikin gashin nan ta yi ta shaƙa. Ita ke wanke shi, ita ke shafa masa mai, ita ke kama shi ƙulli-ƙulli da 'yan robobi masu launi. In akwai abin da Auta ta taɓa yin alfahari da shi a duniya, to kan yarinyar nan ne.

Shekarar da aka sa 'Yar Baba a makaranta ta kwaso kwarkwata, kamar yadda 'yan aji ɗaya suka saba kwasowa. Wata ranar hutu da yamma Auta ta zauna a baranda, ta sa ta tsakanin ƙafafunta ta fara dubawa. Aiki ne irin nata sak: a bi da yatsa, a ji abin da ya maƙale, a danne da farce, a zare. Rediyo na magana a ɗakin maƙwabta, yarinya na wasa da murfin kwalba, iska na kaɗawa. Hankalin Auta ya tafi inda yake tafiya in tana teburin ƙarshe.

"Mama, da zafi."

"Yi haƙuri, saura kaɗan."

"Ba haka kike yi ɗazu ba, Mama. Da zafi."

Auta ta sunkuya ta dubi cinyarta. Ba ƙwan kwarkwata ba ne a kan zanen. Gashi ne sili-sili, kowanne da ɗan farin saiwarsa, an jera su gefe guda yadda take jera nata. Ba su da yawa, ko alama ba su bari a kan ba. Amma ta ture yarinyar har sai da ta dafa ƙasa, ta tashi da gudu ta shige banɗaki, ta yi ta wanke hannu da sabulu kamar wadda ta taɓa ƙazanta. 'Yar Baba na tsaye a bakin ƙofa tana kallonta, rabin kanta a tsefe.

Da Maigida ya dawo ta gaya masa, ta aika aka kira Yaya. A gabansu ta rantse hannunta ba zai sake hawa kan yarinyar ba. Da an samu mai ce mata ta sassauta, wataƙila da labarin ya sauya. Amma Yaya ta gyaɗa kai.

"Kin yi tunani," ta ce. "Ni zan riƙa yi mata kitso. In ta tambaya, a ce ba ki iya ba."

Maigida ya ce, "To."

Haka aka kwashe shekaru. Auta ta ƙware a dabarun kauce wa kan 'yarta. In yarinyar ta sheƙo daga makaranta za ta cusa kai a cikinta, sai ta tare ta a kafaɗa, ta juya ta tana tambayar inda takalmi ya kwaso datti haka. In zazzaɓi ya kama ta, da bayan hannu take taɓa wuyanta. In suna kallon talabijin yarinyar ta fara zamowa da kai wajen cinyarta, sai Auta ta tuna ta bar abu a kan wuta. Ta ciyar da ita, ta yi mata ɗinki, ta raka ta duk inda ake raka yaro, babu abin da ta rage ta da shi sai wannan ɗaya. Duk ranar kitso kuwa, in aka tafi da yarinyar gidan Yaya, wadda take kira Inna, Auta kan rufe ɗaki, hannun ya huce a kanta haushin abin da aka hana shi.

Rannan aka dawo da kwalin fararen riguna a kamfani, an ga ɗigon jini a wuyan wasu. Da aka bi sawu sai aka tarar daga hannun Auta ne, wani ciwo da ta tona a bas da safe ya jiƙa bakin rigarta. Shugabar teburin ta ja ta gefe, ba da faɗa ba, ta ce ta je ta huta ta warke, kujerarta na nan. Yaya ta ce da ma ta faɗa, aikin tsintar zaren ne ya lalata hannun, wanda ya wuni yana tsinta ai dole ya dawo gida yana tsinta. Ita da Maigida suka haɗa baki a kan a zaunar da Auta a ɗauke mata komai. Yaya ta turo mai wanki, Maigida ya karɓi cefane, har tsintar shinkafa aka hana ta. Garin neman gira aka rasa ido, kuma a nan ko girar ba a samu ba. Hannun da a da yake rage zafi a kan zare, yanzu ya wayi gari da ɗaki shiru da wuni guda babu abin yi. Cikin 'yan makonni gashin idonta ya tafi, damtsenta ya kumbura ya fara ruwa.

A wannan zaman ne ta lura da wani abu da fita aiki ya ɓoye mata. 'Yar Baba, wadda lokacin ta kusa gama firamare, takan daɗe a banɗaki in ta dawo makaranta. Wata rana ta fito kai jiƙe, tana ƙamshin sabulun wanki.

"Wa ya ce ki wanke kai da sabulun wanki?" Auta ta tambaye ta. "Kitson jiya-jiya kin jiƙa shi."

"Don ya daina wari."

"Me ke wari?"

"Kaina."

"Wa ya gaya miki kanki na wari? 'Yan ajinku?"

Yarinyar ta matse tawul. "Babu wanda ya faɗa. Ai tun ranar kwarkwata ba ki ƙara taɓawa ba. Na ga yadda kika wanke hannu." Ta faɗe shi ba kuka ba fushi, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. "Sun mutu tuni, Mama. Inna ta duba."

Nan ne ya kamata Auta ta zaunar da ita ta gaya mata gaskiya. Ta buɗe baki, sai maganar gidansu ta fito. "Kanki ba ya wari. Je ki shanya tawul." Yarinyar ta ɗan tsaya, kai a sunkuye, daidai inda hannun uwar zai kai, tana jira. Hannun bai tashi ba, ta wuce. Auta ba ta taɓa jin haushin rayuwarta kamar na ranar ba.

Kumburin damtse ne ya kai ta asibitin unguwa, amma maganar yarinyar ce ta buɗe mata baki. Nas ɗin da ke wanke ciwon, wata dattijuwa mai tabarau rataye da igiya, ta dubi tabon da ke jere a hannun, tsoho da sabo, ta ce, "Ke kike yi?" Auta ta saba cewa sauro ne. Ranar sai ta ce, "Ni ce." Daga nan komai ya zubo, har da abin da ya faru a baranda.

Nas ba ta zaro ido ba, ba ta tafa hannu ba. Ta ce ciwo ne sananne, likitoci sun san shi, ba hauka ba ne, ba mugun hali ba ne, kuma akwai irinta da yawa da ke yawo a gari da dogon hannun riga.

"Ba za mu ce wa hannun nan ya bari ba," in ji ta. "An gaya masa shekara da shekaru bai ji ba. Za mu gano lokacin da yake tashi mu riga shi, mu ba shi wani aikin. Ki riƙa zuwa, tare za mu yi."

Farcen aka fara yankewa, Auta ta ji kamar an cire mata lambar girma. Aka naɗa filasta a babban yatsa da manuniya, don in sun lalubo kada su ji komai. Ta fara lura da kanta, ta gano lokutan: a cikin bas, da gaban madubi, da sanda take jiran abinci ya nuna, da duk ranar kitso. Sai ta riƙa sauka daga bas a rabin hanya ta ƙarasa da ƙafa, jaka rungume a hannu biyu. Madubin banɗaki aka ciro shi aka kafa a falo inda kowa ke wucewa. Ta ɗinka wata 'yar ƙwallo da ƙyallaye, ta cusa mata tsakuwa, tana murzawa a aljihu. Ciwon da ya yi ɓawo takan shafa masa mai ta rufe, don kada ya yi kaushin da ke kiran yatsa. In abin ya taso mata gadan-gadan kuwa, sai ta dunƙule hannu ta danna a cinya, ta yi ta jan numfashi har ya lafa. Nas ta ce mata yana lafawa da kansa in an daure, ba ta yarda ba sai da ta gani.

Ta koma kamfani duk da ƙorafin Yaya, amma ba teburin ƙarshe ba. Ita ta roƙa aka mai da ita wajen ninki, inda tafin hannu biyu ke shafa riga a buɗe, babu tsinta. Aikin sababbin shiga ne. Daga inda take tana jiyo dariyar tsofaffin abokan zamanta, tana hango wata yarinya a kujerarta tana neman zare da ido. Abin ya yi mata ciwo ba kaɗan ba.

Nas ta ce a samu mutum ɗaya a gida da zai riƙa ankarar da ita ba tare da tsawa ba. Maigida da magana ke yi wa wuya sai ya samo tasa hanyar. In ya ga hannun ya doshi ƙeya, sai ya miƙo mata duk abin da ke kusa ya ce, "Riƙe min wannan." Ta riƙe filaya, ta riƙe guntun waya, ta riƙe murfin tukunya. Wata rana da ya rasa abin miƙawa har takalminsa ya ba ta ƙafa ɗaya, suka dubi juna suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba.

Kada a ɗauka abin ya tafi a miƙe, sabo turken wawa ne. Akwai lokacin da gira ta tsiro har Auta ta ajiye jagira, sai jita-jitar rage ma'aikata ta zagaya kamfani, cikin yammaci ɗaya ta share girar tas. Ta je wa nas tana kuka. Nas ta ce, "Faɗuwa kika yi, ba komawa farko ba. Tashi ki sa filastarki." A hankali ranakun lafiya suka rinjayi na faɗuwa. Gashi ya dawo, gajere, da furfura a ciki tun lokacinta bai yi ba. Tsakiyar kan dai, inda aka fara, ya tafi ke nan, fata ce sumul.

Abu ɗaya ne nas ta yi ta faɗa Auta ta ƙi ji. Duk zuwa sai ta tambaye ta ko ta gaya wa yarinyar.

"Sai na gama warkewa," Auta kan ce. "So nake in zo mata da hannu mai lafiya."

"Yara ba sa tsayawa jiran mutum ya gama," in ji nas. "Girma suke yi."

Auta ta ji, amma jinin gidansu ne a jikinta. Maimakon ta yi magana sai ta shiga koyon kitso a ɓoye. Lokacin hutun rana takan ɗebo tarin zaren da ake zubarwa, ta ɗaure a ƙafar tebur, ta yi ta kitsawa tana warwarewa, abokan aiki na tsokanarta wai tebur zai yi aure. Kafin hannunta ya faɗa, kafin kuma ta yarda da shi, 'Yar Baba ta shiga sakandare, ta kamo uwar a tsawo, ta ɗauko shirun ubanta, ta kuma fara son sa hula ko a cikin gida.

Ranar da Auta ta ji ta shirya, ta sami Yaya ta ce, "Yaya, wannan karon ni zan yi mata."

Ta zaci Yaya za ta yi murna. Sai ta ga fuskarta ta sauya. "Ke da ba ki iya ba? Bar shi, ai bai yi min nauyi ba."

"Na koya."

"To ki bari sai an yi hutu."

Da hutu ya zo Yaya ta ce a bari zafi ya wuce. Ita ma yarinyar ta ce Inna ta riga ta saba da kanta. Auta ta ɗauka ƙyashi ne irin na wadda ta raini abu ba ta son a karɓe, ta haɗiye. Ana haka Yaya ta zame a tsakar gidanta ta gurɗe hannu. Kitson yarinyar ya tsufa, makaranta kuma ba sa karɓar kai buzu-buzu. Babu sauran uzuri.

Wata Asabar da hantsi Auta ta jawo kujera kusa da tagar falo. Ta rage farcenta ƙasa-ƙasa, ta ajiye mataji da tsinken kitso da kwalbar mai a gefe. 'Yar Baba ta zo ta zauna a ƙasa, nesa kaɗan, ta cire hular ta riƙe a hannu.

"Matso," in ji Auta.

Ta matso, bayanta a miƙe kamar sanda.

"Jingino da gwiwata mana."

Ta jingina da kafaɗa ɗaya, irin zaman baƙuwa a gidan mutane.

Auta ta ɗora hannu. Kan ya girma, ba shi ne ɗan kan da ta sani ba, amma ɗuminsa na nan. Ta fara tsifa daga goshi. Yatsun abin da aka sa su kawai suke yi, ba su wuce gona da iri ba. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, ta gode Allah da yarinyar ta ba ta baya. Tana cikin tsifar ta lura kitson Yaya duk ya karkata gefe ɗaya, an jawo gashin sama an kwantar da shi a bayan kunnen hagu, salon da ba ta ga dalilinsa ba. Da ta kai wurin, yarinyar ta kama mata wuyan hannu.

"Mama, bar wannan. Bai tsufa ba."

"Ai duk rana ɗaya aka yi su."

Yarinyar ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta saki. Auta ta tsefe.

Yatsa ya riga ido gani. Fili ne da bai kai tafin hannun jariri ba, tsakiyarsa fata, gefensa 'yan gajerun gashi masu kaushi suna tsirowa. Auta ta san wannan kaushin fiye da yadda ta san sunanta. Babban yatsanta ya motsa da kansa ya nufi manuniya. Ta janye, ta dunƙule hannun ta danna a cinya, ta ja numfashi har ya lafa. Sannan ta buɗe tafin ta kwantar da shi a kan wurin gaba ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Tun ina firamare."

"Innarki ta sani?"

"Ita ke rufewa. Ta ce kada a gaya miki, hankalinki zai tashi."

Haushin Yaya ya taso wa Auta, sai kuma ya mutu nan take, don Yaya ba ta yi komai ba sai abin da aka koya musu su biyun. Baƙin ciki ne ya maye gurbinsa. Shekara da shekaru tana gadin kan nan daga hannunta, ashe a ɗakin da ke kusa da nata wani ƙaramin hannu na can yana aikin, shi kaɗai.

"Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba," ta ce. "Ni ma kaina..."

"Na sani, Mama."

"Kin sani?"

"Ni nake share ɗakinki tun ina ƙarama. Nakan tattara gashin in kai shara kafin ki gani, don kada ki ji kunya."

Sai Auta ta gaya mata abin da ya faru ranar kwarkwata, da abin da ta gani a cinyarta, da rantsuwar da ta yi. Ta ce kan yarinyar bai taɓa wari ba, tsoro ne kawai, tsoron kada hannun ya yi mata irin ɓarnar da ya yi wa mai shi. Ta ce akwai wata nas da za su je wajenta tare, abin yana da hanya, ita ta bi ta.

'Yar Baba ta saurara har ƙarshe, tana murza hular da ke hannunta. Ba ta juyo ba.

"Da kin riƙa taɓawa, Mama," ta ce, "ko da kina tsigewa."

Auta ta yunƙura za ta share hawaye, sai yarinyar ta ɗora nata hannun a kan na uwar, ta danne shi a inda yake. A hankali wuyan yarinyar ya saki, nauyin kan ya sauko gaba ɗaya a kan gwiwar Auta.